Daga Wasan Maciji Zuwa Play Store: Yadda Ƙofar Gina Manhajar Waya Ta Buɗe Wa Ɗan Koyo

Makalar wannan makon ta taɓo wata tambaya da matasa ke yawan yi a zaurukanmu: shin wanda bai taɓa rubuta ko layi ɗaya na umarnin kwamfuta ba zai iya koyon gina manhajar waya har ya kai ta hannun jama'a? A yau amsar ita ce e, zai iya. Amma shekara 20 da suka wuce, ko gwani ne sai ya sha wuya kafin aikinsa ya shiga wayar wani, balle ɗan koyo. Ƙofofi uku ne suka tare hanya a lokacin: ƙofar izini, ƙofar ilimi, da ƙofar kayan aiki. Kowacce akwai ranar da ta buɗe da dalilin buɗewarta. Wanda ya san wannan tarihin zai gane abin da aka riga aka sauke masa, da abin da har yanzu yake wuyansa.

Zamanin da waya ke zuwa a rufe

A 1994 kamfanin IBM ya fitar da wata waya mai suna Simon a Amurka. Tana da allon taɓawa, da kalanda, da littafin adireshi, tana kuma aika saƙon imel. Masana da yawa na lissafa ta a matsayin wayar zamani ta farko. A 1997 kuma Nokia ta saka wasan Snake a wayarta 6110, wanda wani injiniyanta ɗan ƙasar Finlan mai suna Taneli Armanto ya rubuta. Shi ne wasan macijin da yawancinmu muka sani a Nokia 3310 bayan shigowar layukan GSM Najeriya a watan Agustan 2001. Abin lura shi ne, Armanto ma'aikacin Nokia ne. A wancan lokacin abin da kamfani ya zuba a waya shi ne rabonka har ta mutu, kuma wanda ke son rubuta wa waya manhaja sai ya nemi aiki a kamfanin da ke ƙera ta.

Sassauci na farko ya zo ne a 1999, lokacin da kamfanin Sun Microsystems ya fito da wani ƙaramin nau'in yaren Java na ƙananan na'urori, wanda aka fi sani da J2ME. Shi ne tushen abin da muke kira wayar Java, wadda muka riƙa sauke mata Opera Mini da 2go da wasanni. A ƙa'ida kowa na iya rubuta manhajar Java. A aikace kuwa, kowace waya da girman allonta, da tsarin maɓallanta, da irin kurakuranta. Wasa guda sai an yi masa gomman kwafi daban-daban kafin ya yi aiki a wayoyin da ke kasuwa. Wayoyin Symbian irin na Nokia masu tsada kuma suna buƙatar wani nau'in yaren C++ mai wuyar sha'ani, sannan manhajar da za ta taɓa muhimman sassan wayar sai an gwada ta an sa mata hannu ƙarƙashin tsarin Symbian Signed, wanda ake biyan kuɗi.

Bayan duk wannan sai maganar sayarwa. A Amurka da Turai kamfanonin layi ne ke riƙe da shagon. Su ke zaɓen manhajar da za ta bayyana a wayar abokan cinikinsu, kuma kasonsu sau da yawa ya kai rabin kuɗin. Yaron da ke ɗakin mahaifiyarsa ba shi da hanyar zama teburi ɗaya da irin waɗannan kamfanoni.

Ƙofar izini

Ranar 9 ga Janairun 2007 Steve Jobs ya nuna wa duniya iPhone, aka fara sayar da ita ranar 29 ga Yuni. Mutane da yawa sun ɗauka da kasuwar manhaja ta zo, alhali ba haka ba ne. Jobs bai so kowa daga waje ya rubuta mata manhaja ba, saboda tsoron kada manhaja maras kyau ta lalata wayar ko ta dagula layin sadarwa. A taron masu gina manhaja na Apple na watan Yunin 2007 ya gaya musu su yi shafukan intanet da za a buɗe a cikin Safari, ya ce wannan ya wadatar. Mahalarta ba su ji daɗi ba.

Cikin 'yan makonni masu kutse suka fasa makullin wayar suka fara zuba mata manhajojinsu ta bayan gida. Abin ya yaɗu har wani mai suna Jay Freeman ya buɗe shagonsa na bayan fage mai suna Cydia a farkon 2008. A gefe guda kuma Google na shirin fito da Android, tsarin da Andy Rubin da abokansa suka kafa kamfaninsa a 2003, Google ta saye shi a 2005. Matsin ya yi yawa. Ranar 17 ga Oktoban 2007 Jobs ya sanar cewa Apple za ta saki ƙunshin kayan aikin gina manhajar iPhone. An sake shi ranar 6 ga Maris 2008, kuma cikin kwana huɗu aka sauke shi sama da sau 100,000.

Ranar 10 ga Yulin 2008 App Store ta buɗe da manhajoji kusan 500. Sharuɗɗan ne suka canza komai: ka biya dala 99 a shekara, ka miƙa aikinka a duba, idan ya wuce sai ya zauna a shago ɗaya da na manyan kamfanoni. Idan an saya kai ke da kashi 70, Apple ta ɗauki 30. A ƙarshen makon farko an sauke manhajoji sau miliyan 10, zuwa Afrilun 2009 an kai biliyan 1.

Google ta ƙara faɗaɗa ƙofar. Tun Nuwamban 2007 ta saki kayan aikin Android kyauta, ta kuma ware dala miliyan 10 don gasar masu gina manhaja. Wayar Android ta farko, wato G1 da kamfanin HTC ya ƙera, ta shiga kasuwa ranar 22 ga Oktoban 2008 tare da shagon Android Market, wanda aka canza wa suna zuwa Google Play a Maris 2012. Kuɗin rajista dala 25 ne, sau ɗaya tak. Akwai bambance-bambance biyu da suka fi shafar irinmu. Na farko, kayan aikin Apple, wato Xcode, a kwamfutar Mac kawai suke aiki, na Android kuwa suna aiki a Windows da Linux ma. Na biyu, Android ta yarda a saka manhaja ba ta shago ba. Wannan ne ya sa har gobe za ka iya gina manhaja ka tura wa abokinka fayil ɗinta na APK ta Xender ko WhatsApp ya gwada, ba tare da ka nemi izinin kowa ba. Idan aka haɗa da cewa Tecno da Infinix da itel da suka cika aljihunanmu duk Android ne, za a gane dalilin da ya sa ɗan koyo a ƙasar Hausa ya fi dacewa ya fara ta nan.

Sai dai a lura da waɗanda suka fara cin kasuwar. Steve Demeter ya samu kusan dala 250,000 cikin wata biyu da wasansa Trism a 2008. Ethan Nicholas ya yi suna da wasan iShoot a farkon 2009. Jaridu sun yi ta yayata su a matsayin mutanen da suka yi arziki daga falon gidansu, amma dukansu ƙwararrun marubuta manhajar kwamfuta ne tun kafin iPhone, Nicholas ma injiniya ne a Sun Microsystems. Izini ya samu, amma wanda ya riga ya iya ne ya amfana.

Ƙofar ilimi

Wani abin mamaki ya faru a 2008. Duk wanda ya karɓi kayan aikin Apple sai ya amince da yarjejeniyar riƙe sirri, wadda ta hana shi tattauna yadda ake amfani da su a bainar jama'a. Ba ka da ikon tambayar wani a intanet dalilin da ya sa manhajarka ke mutuwa, kuma littattafan koyarwa da aka riga aka rubuta suka maƙale a hannun masu bugawa. Ƙorafi ya yi yawa, Apple ta janye sharaɗin ranar 1 ga Oktoban 2008.

A wannan shekarar ce kuma wasu abubuwa biyu suka bayyana, waɗanda ba don waya aka yi su ba amma suka zama makarantar masu gina manhajarta. GitHub ya buɗe a Afrilu, inda mutum zai ga cikakken rubutun manhajar wasu ya karanta, ya kwafa ya gyara. A Satumba Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa inda amsar da ta fi amfani ke hawa sama. Kafin nan ɗan koyo kan kwana uku a kan kuskure ɗaya. Bayan nan sai ya kwafi saƙon kuskuren ya bincika, ya tarar wani a Indiya ko Jamus ya riga ya faɗa ramin kuma an fito da shi.

A Afrilun 2009 Jami'ar Stanford ta fara ɗora bidiyon darasinta na gina manhajar iPhone, mai lamba CS193P, kyauta a iTunes U. Cikin mako bakwai aka sauke shi sau miliyan 1. Karatun da sai ɗaliban jami'a mai tsada a Kalifoniya ke samu ya zama na duk mai intanet. YouTube ya ɗora daga nan, daga baya kuma Google da kamfanin Andela, wanda aka kafa a 2014 ya fara aiki a Legas, suka riƙa ba dubban matasan Afirka gurbin koyon Android ta intanet.

Ƙofar kayan aiki

Ko da izini da malami, yarukan farko ba su da tausayin baƙo. Yaren iPhone na lokacin shi ne Objective-C, wanda Brad Cox da Tom Love suka ƙirƙira tun farkon shekarun 1980. A cikinsa kai ne za ka riƙa lissafin duk wurin da ka ara a ƙwaƙwalwar waya ka mayar da hannunka. Ka manta ka mayar, wayar ta cushe, ka mayar sau biyu, manhajar ta mutu. Sai a 2011 Apple ta sa na'ura ta karɓi wannan lissafin. A ɓangaren Android kuma Java ce a cikin wata manhajar rubutu mai suna Eclipse, wadda haɗa ta kaɗai kan cinye wa ɗan koyo yini guda.

Wanda ya fara tunkarar matsalar gadan-gadan shi ne Farfesa Hal Abelson na jami'ar MIT, lokacin da ya je hutun bincike a Google. Shi ya jagoranci App Inventor, wadda ta fito a 2010. Maimakon rubutu, sai ka jawo tubala masu launi ka haɗa su, irin tsarin Scratch da MIT ta yi wa yara a 2007: idan an danna wannan maɓalli, a yi kaza. Tubalin da bai dace ba ba zai shiga ba, don haka ba ka da damar yin kuskuren waƙafi ko baka. Google ta saki aikin a 2011, MIT ta karɓa ta sake buɗe shi a 2012, kuma har yau kyauta ne.

Daga nan manyan ma suka sassauto. Google ta sanar da Android Studio a Mayun 2013, cikakken nau'insa na farko ya fito a Disamban 2014. Apple ta fito da yaren Swift a Yunin 2014, aikin da Chris Lattner ya fara tun 2010. Kamfanin JetBrains ya saki Kotlin 1.0 a Fabrairun 2016, Google ta amince da shi a Android a 2017, a 2019 ta ce shi ne zaɓinta na farko. Abin da Java ke faɗa a layi 20, Kotlin kan faɗe shi a kaɗan, kuma tun wajen rubutu yake kama wani sanannen kuskure, wato ka nemi abu a wurin da babu komai, wanda ya daɗe yana kashe manhajojin Java. Facebook ta saki React Native a 2015, Google ta saki Flutter 1.0 a Disamban 2018, dukansu don mutum ya yi rubutu ɗaya ya yi aiki a Android da iPhone. Wanda ba shi da laftof ma an yi masa irin su AIDE da Sketchware, da ake gina manhaja a kan wayar kanta.

Waɗanda suka shiga

A Disamban 2010 wani yaro ɗan shekara 14 a jihar Utah ta Amurka, Robert Nay, ya saki wasa mai suna Bubble Ball. A ɗakin karatu na garinsu ya nemo littattafan da ya fara da su, ya kuma yi amfani da wani sauƙaƙan kayan aiki mai suna Corona. A Janairun 2011 wasan ya ture Angry Birds daga saman jerin manhajojin kyauta na App Store.

A Japan, Masako Wakamiya tsohuwar ma'aikaciyar banki ce da ta fara taɓa kwamfuta dab da ritayarta. Ta lura wasannin waya duk na masu saurin yatsa ne, ba a yi su don tsofaffi ba. Tana da shekara 81 ta koyi Swift, a 2017 ta saki Hinadan, wasan jera 'yan tsana bisa tsarin wani bikin gargajiya na ƙasarsu. A shekarar Apple ta gayyace ta taronta, ta gana da shugaban kamfanin, Tim Cook.

A nan gida, a Agustan 2018, 'yan mata biyar 'yan sakandare daga Onitsha a jihar Anambra, da suka kira kansu Save-A-Soul, suka ci zinare a rukunin ƙanana na gasar Technovation a Amurka. Manhajarsu FD-Detector tana duba lambar jikin kwalin magani don gane na jabu.

Akwai kuma Dong Nguyen na Biyetnam, wanda ya saki Flappy Bird a Mayun 2013. Wata da watanni ba wanda ya kula da wasan, sai a Janairun 2014 ya haye saman jeri a ƙasashe da yawa, har ya ce talla na kawo masa kusan dala 50,000 a rana. A Fabrairu ya cire shi da kansa, ya ce ya zame wa mutane jaraba. Nguyen ba ɗan koyo ba ne, kuma labarinsa gargaɗi ne: wasan bai canza ba tsakanin watannin shiru da watan shahara, don haka irin wannan dace ba abin da mutum zai gina rayuwarsa a kai ba ne. Darasin da za a iya maimaitawa yana wajen Wakamiya da 'yan matan Onitsha, waɗanda suka ɗauki matsala ɗaya ta mutanen da suka sani suka yi mata ƙaramin magani.

Ƙofar ta fara tsukewa

Tarihi ba ya tafiya hanya ɗaya. Da shagunan suka cika da miliyoyin manhajoji, ciki har da na damfara da na kwafe, masu su suka fara ƙara sharuɗɗa. Tun 2018 Google ke tilasta wa manhajoji su riƙa bin sabbin nau'ukan Android, wanda ya bar tasa ba gyara sai ta daina bayyana wa masu sabbin wayoyi. Daga Nuwamban 2023, duk wanda ya buɗe sabon asusu na ƙashin kansa sai ya samo mutum 20 sun gwada manhajarsa kwana 14 a jere kafin a bar shi ya sake ta, daga baya aka rage zuwa mutum 12. Gefe mai daɗi kuma, a 2021 Apple da Google sun rage kasonsu zuwa kashi 15 ga ƙananan masu gina manhaja.

Mu kuma muna da namu ƙofofin da Kalifoniya ba ta san da su ba. Android Studio na son laftof mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 8 ko fiye, ga wuta, ga data, ga neman katin da zai biya dala 25 ɗin nan. Sannan tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, na'ura na iya rubuta maka shafi guda na Kotlin cikin daƙiƙu. Taimako ne babba, amma ranar da manhajar ta mutu a wayar mai saye, wanda bai fahimci abin da aka rubuta masa ba ba zai san inda zai taɓa ba.

Ina ruwan marubuci?

Wannan tarihin ya shafe mu kai tsaye. Ku bincika littattafan Hausa a Play Store, za ku ga manhajoji cike da labaran marubutanmu, da yawa an kwashe su ne daga WhatsApp da Wattpad ba da sanin masu su ba, an lulluɓe su da talla, kuɗin na shiga aljihun wanda ya iya haɗa manhajar. A Nuwamban 2023 kuma OkadaBooks, dandalin da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013 wanda marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafansu a kai, ya rufe. Wanda duk kasuwarsa ke rumfar wani, ranar da mai rumfa ya tashi shi ma ya tashi.

Akwai kuma abubuwan da sai mai jin harshen zai kula da su. Mai karatu zai rubuta "kasa" a wurin bincike alhali "ƙasa" yake nema, saboda allon rubutunsa ba shi da harafi mai lanƙwasa. Manhajar da ba a koya mata ta haɗa k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ wajen bincike ba za ta ce masa babu. Mai karatunmu yana son abin da zai buɗe ba data, mara nauyi, wanda zai yi aiki a ƙaramar itel. Injiniyan da ke wata nahiya ba zai zauna ya yi mana wannan tunanin ba.

Ga mai son farawa, tarihin nan ya riga ya jera masa matakai. Ya fara da App Inventor na 'yan makonni don ya gane yadda maɓalli da allo da ajiyar bayani ke magana da juna. Daga nan ya zaɓi yare ɗaya, Kotlin ko Dart na Flutter, ya tsaya a kai kada ya riƙa tsalle duk lokacin da ya ga sabon bidiyo. Aikinsa na farko ya zama ƙarami kuma nasa: gajerun labaransa 10, ko littafin bashin shagon babansa, ko jadawalin karatun islamiyyar unguwarsu. Ya tura wa mutane APK su gwada tun kafin ya yi maganar Play Store. Mutum 12 ɗin da Google ke nema kuwa, a wannan zauren kaɗai an fi su, kuma wanda ya kai wannan matakin ya yi magana a ƙarƙashin makalar nan za a samu masu gwada masa.